Kantar da Ke Kafaɗata

Karu,
Abuja.

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Legas lafiya, Ya tsare ki daga haɗarin hanya da sharrin mutane, Ya haɗa ki da malamai na kirki a makarantar jinya. Na saka takardar a ƙasan akwatinki ne domin na san halina. In na ce da baki zan faɗa miki, zan tsaya a kan "ki kula da karatu" kamar kowace uwa, in haɗiye sauran. Na rubuta da Hausa saboda ita aka koya mini rubutawa a makarantar mishan. Da na iya rubuta Gbagyi, da ita zan yi miki magana.

Abin da ya zaunar da ni ƙarami ne. Shekaranjiya da muka sayo akwatin nan a kasuwar Wuse, kin sunkuya kin saɓa shi a kafaɗa ba tare da kin yi tunani ba. Kin yi taku biyar ko shida, sai wasu 'yan mata biyu masu dogon takalmi suka wuce, ɗaya ta zunguri ɗaya. Kin gan su. Kika sauke akwatin kika ɗora a ka, kika ce mini kafaɗarki ta gaji. Rahila, kafaɗarki ba ta gaji ba. Na san irin wannan gajiyar, na yi ta tun kina ƙarama.

Kin san matanmu ba sa ɗaukar kaya a ka. Itace, doya, tulun ruwa, duk a kafaɗa ne, cikin babbar ƙwarya. Kakarki Laraba, wadda ni nake kira Mama, takan ce Allah Ya ajiye hankalin mutum a cikin kansa, don haka ba a ɗora wa kai wahala. Amma kar ki ɗauka muna zama muna tattauna wannan a tsohon ƙauyenmu na Wuse. Ba wanda yake tunanin abin. Haka muka taso muka gani, kamar yadda muka ga rafi da duwatsu da bishiyar ɗorawa ta bakin gonar babana. Duk yarinyar da ta kai shekara goma tana da kanta a kafaɗa, fatar wurin ta yi kauri ta yi baƙi, kuma ba wadda take kallon tata. Sai da baƙi suka zo suna nuna mu da yatsa sannan muka san muna ɗauke da wata alama.

Safiyo, masu awon ƙasa, su ne suka fara zuwa da sandunansu masu ja da fari. Daga baya aka tara dattawa aka ce gwamnati za ta taso daga Legas ta dawo nan, kuma ƙauyenmu yana tsakiyar inda za a gina birnin. Aka kawo manyan motoci aka kwashe mu zuwa sabon wuri can ta hanyar Kaduna. Gidaje ne na bulo da kwano a jere, ba rumbu, ba inuwa. Kaburburanmu ba a kwashe su ba. Ranar tashi direba ya ce wa Mama ta jefa tukwanenta a bayan mota, ta ƙi. Ta zauna a kan buhun dawa da tukunyarta a kafaɗa tun daga Wuse har muka isa, hawaye na zuba, ba ta share ba.

Ni a lokacin, gaskiya, ban yi baƙin ciki kamar ita ba. Ina da ƙuruciya, na yi aji shida, ina ganin katafila na ture daji ina cewa duniya ce ta zo ta same mu har gida. Babanki ya sami aikin lebura wajen masu yin titi, muka kama ɗaki a nan Karu, ni kuma aka ɗauke ni shara da goge-goge a wani ofishin gwamnati, cikin waɗanda aka fara buɗewa.

Ranar farko aka aike ni in kwaso fayil-fayil daga mota. Na tara su na saɓa a kafaɗa. Da na shiga ɗakin masu buga tafireta sai dariya ta tashi. Shugabarsu, wadda kowa ke kira Madam, ta cire tabarau ta ce, "Ikon Allah! Ashe Bagwariya aka kawo mana. Ke kanki na mene ne, na ado?" Ba da mugunta ta faɗa ba, ita wasa take yi. Amma daga ranar sunana ya ɓace. In ana son shayi, a kira Bagwariya. In wani ya yi kuskuren Hausa, a ce yana gwaranci, a juyo a kalle ni.

Na naɗe tsohon ɗankwali na yi gammo, na fara koyon ɗaukar bokiti a ka a bayan ɗakinmu inda ba mai gani. Wata guda wuyana yana ciwo. Na sa tela ya ɗinka mini riguna masu kumburarren hannu don su rufe kantar, ina goge wurin da dutse in na shiga wanka har yana fitar da jini. Na gyara Hausata. Na daina amsa gaisuwar mutanenmu da yarenmu in muna kusa da ofis. Ban ga laifin kaina ba ko kaɗan, ina ce wa kaina ai ɗaukar kaya ne kawai, ko'ina aka ɗora ɗaya ne. In da a nan abin ya tsaya, da ban rubuto miki ba.

Wata ranar Alhamis da azahar, lokacin sabuwar doya, maigadi ya leƙo ya ce ana sallama da ni a geti. Na fito tare da Madam da wasu mata biyu, za su cin abinci. Sai ga Mama tsaye cikin rana, ɗaurin ƙirji, ba takalmi, ƙwarya cike da doya a kafaɗarta. Ta shigo mota tun daga sabon ƙauye, daga tasha kuma ta tako da ƙafa tana tambayar mutane har ta gano wurin. Doyar farko ce da sabuwar gonar ta ba ta bayan shekara uku tana fama da ƙasar. Da ta hango ni ta washe baki, ta kira ni da sunan da take kirana tun ina jaririya.

Madam ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Ladi, mamanki ce?"

Na ce, "A'a, Madam. Mai doya ce, 'yar ƙauyenmu."

Ban yi shawara da zuciyata ba, maganar ta fito kamar dama tana jira a bakina. Na ɗauka Mama ba za ta gane ba tunda Hausarta ba ta da yawa. Ta gane. Na ga lokacin da bakinta ya rufe a hankali.

Madam ta ce, "To madalla. Baba, sauke mu gani, doyar ta yi kyau."

Mama ta durƙusa ta sauke ƙwaryar, don a ɗabi'arta ba ta yi wa babba magana da kaya a jiki. Ta ce da 'yar Hausarta, "Ba na sayarwa ba ne. Na kawo wa yarinyana. Amma ba ta nan. Zan koma da shi."

Ta sunkuya za ta ɗauka, kayan suka fi ƙarfinta. A wurinmu ko maƙiyinki kika gani yana kokawa da kaya sai kin kama masa. Ni na tsaya da hannuwana a cikin rigar nan mai kumburarren hannu. Maigadi ne, wani dattijo daga Filato da bai san ta ba, ya ajiye sandarsa ya ɗora mata. Ta juya ta bi gefen titin da ake kan zuba wa kwalta, tifofi na wuce ta. Na koma ciki na ci gaba da goge tebur.

'Yata, a Legas za a tambaye ki. Za a ji sunan garinku a yi dariya, za a ce ashe ku ne mutanen dajin da aka kai gwamnati. Wata rana wani namu zai zo nemanki da kaya irin na ƙauye, kina tsaye cikin fararen kaya tare da abokan karatunki. Ki shirya amsarki tun yanzu, tun ba a tambaye ki ba, domin a wannan lokacin ba a samun sararin tunani. Abin da kika saba faɗa wa kanki a ɓoye shi ne zai fito. Ni na yi shekara biyu ina goge kafaɗata da dutse, don haka da aka tambaye ni, amsar ta riga ta nuna.

Ban bi ta tasha ba. Ban je ƙarshen mako ba. Na ce sai na sami hutu, da hutun ya zo na ce sai Kirsimeti. Da Kirsimeti na je da turmin atamfa da sabulu. Mama ta tarbe ni, ta rungume ki, ta daka mana sakwara. Ba ta ta da maganar ba. Na zauna kwana uku ina jiran ta fara, da ba ta fara ba sai na ji daɗi, na ce ta yafe, ko ma ta manta. Abu ɗaya na lura da shi na kawar da kai: ba ta ƙara kirana da sunan nan na jarirai ba. Ladi take ce mini, kamar kowa.

Haka muka yi shekara huɗu. Ina zuwa, ina kai tsaraba, muna hirar ruwan sama da ciwon gwiwarta. Da damina ta biyar aka aiko cewa jikinta ya yi tsanani. Kafin in nemi izini a ofis in sami mota, ta cika. Ni da ƙanwata Talatu muka yi mata wanka. Da muka juya ta na ga kafaɗar nan, kantar ta yi kauri kamar tafin ƙafa, ƙashin wurin ma ya lotsa. Na ɗora hannuna a kai na faɗi abin da ya kamata in faɗa shekara huɗu da suka wuce. Atamfofin da na riƙa kai mata kuwa, a cikin tukunya muka same su a ninke, ko ɗaya ba ta ɗinka ba.

In kika ɓata wa mutum rai ya yi shiru, kar ki lissafa shirun nan a matsayin yafiya. Ki je da ƙafarki, ki kira laifin da sunansa, ko da zai sa a yi kuka a ɓata ranar biki. Tsaraba ba ta yin wannan aikin. Na gwada.

Yanzu zan gaya miki abin da ya fi ba ni kunya, domin na farkon ina iya cewa ƙuruciya ce, wannan kuwa da girmana na yi shi.

Bayan jana'iza na jefa gammona a murhu. Na koma ɗaukar komai a kafaɗa, har jakar coci. Na yanke hannun rigunana don kowa ya ga kantar. A ofis in an ce Bagwariya sai in ce, "Gbagyi ake cewa, oga," in tsare mutum da ido har ya gyara. Wannan bai zama laifi ba. Kafaɗar ta zame mini wani abu da ban san zai zama ba. In na saɓa kaya ina jin ina tare da Mama, da ƙauyen da aka shafe, da kaburburan da ke ƙarƙashin kwalta. Ta zama hanyar da nake ce wa birnin nan mun riga shi zuwa, kuma kanmu ba na ɗaukar wa kowa kaya ba ne. Har addu'a nakan yi in ina tafe da itace.

Amma sai na mai da ita ma'auni. Duk macen Gbagyi da na gani da kaya a ka, sai in ji na tsane ta. A cikin matan cocinmu na zama mai tsawatarwa, ina cewa wance ta sayar da asalinta, wance ta zama baƙuwa. Mata suka fara sauke kaya in sun hango ni.

Innarki Talatu, kin san ta auri Musulmi a Uke, ta bi addinin mijinta, Mama kuma ba ta taɓa hana ta ba. A can matan unguwarsu a ka suke ɗauka, ita ma ta saba. Da shekara ta zagayo muka taru a gidan Mama don addu'a. Dangi sun cika tsakar gida, fasto na zaune, limamin da mijinta ya gayyato na zaune. Sai ga Talatu ta shigo da babban daro na waina a ka, ta taho da shi tun daga Uke, mota uku ta canza.

Na miƙe na tare ƙofa. Na ce, "Sauke a waje."

Ta ce, "Yaya, lafiya?"

Na ce, "Ba a shiga gidan Mama da kaya a ka. In kin manta ko ke 'yar wace ce, mu ba mu manta ba."

Babanki ya ce, "Ladi, bari mana," ban ko kalle shi ba. Talatu ta sauke daron a hankali ta ajiye a bakin ƙofa. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Yaya, gaskiya ne ina ɗaukar kaya a ka. Amma ni ban taɓa ce wa kowa uwata mai doya ce ba."

Sai ta faɗi sauran labarin a gaban kowa. Ashe ranar nan Mama ba gida ta koma ba. Uke ta wuce da doyar, ta kwana biyu wurin Talatu ba ta iya cin abinci. Ta sa Talatu ta yi alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba, don kar a raina ni a dangi. Talatu ta riƙe maganar shekara biyar. Ita ce kuma ta bar gidanta ta yi jinyar Mama wata uku, tana ɗebo mata ruwa daga rijiya, a ka, lokacin da ni nake jiran izinin ofis.

Ta juya ta tafi, ba ta zauna addu'ar ba. Kina waje kina wasa ranar. Abin da kika sani kawai shi ne Innarki ta daina zuwa, in kin tambaya in ce miki hanya ce ta yi nisa. Shekara shida ke nan. Ba hanya ba ce.

Ki lura da wannan sosai, Rahila. Abin da mutum ya riƙe don ya tuna masa ko shi wane ne, abu ne mai kyau, kuma ina so ki riƙe naki. Amma ranar da kika ga kin fara leƙen kafaɗar wasu, ki tsaya ki binciki kanki, akwai abin da kike ɓoyewa. Ni ba don Mama nake tsawata wa matan nan ba. Kaina nake gani a geti a jikin kowace ɗaya daga cikinsu. A makarantarku za ki haɗu da mai gicciye a wuya da mai carbi a hannu da mai tsaga a fuska. Ki girmama abin kowa, amma in kina son sanin mutum ki duba wanda ya tsaya wa mara lafiya ranar da babu mai gani.

Ko bayan maganar Talatu ban sauko ba. Na ce ta tona mini asiri a gaban jama'a, ita ce da laifi. Abin da ya karya ni bai fi wata biyu da faruwa ba. Kin ga yadda garin ya cika tun da manyan gwamnati suka taso gaba ɗaya daga Legas, kullum tireloli na sauke kujeru da kabad. Ofishinmu ya shirya bikin tarbar sabon shugaba. Madam, ita dai wadda ta fara kirana Bagwariya, ta kira ni ta ce, "Ladi, ke za ki wakilci 'yan asalin wuri. Ki zo da ƙwaryarku ta gargajiya, ki yi ɗaurin ƙirji, ki cire takalmi." Na ji daɗi ƙwarai. Na ce yau za su san da mu.

Na ɗauko ƙwaryar Mama, ita dai wadda ta zo da doya a ciki. Da na ce zan zuba doya, mai shirya biki ya ce a'a, za ta yi nauyi in kasa murmushi. Suka cusa tsofaffin jaridu a ciki suka rufe da ganye. Aka tsayar da ni a bakin getin nan, daidai inda Mama ta tsaya. Awa uku ina cikin rana. Da shugaban ya iso ya rage tafiya, ya ce wa na kusa da shi wani abu da Turanci, suka yi dariya, mai hoto ya ɗauka, suka shige. Ba wanda ya tambayi sunana ko inda ƙauyenmu yake. Hoton yana rataye yanzu a barandar sama, ni nake goge gilashinsa kowace Litinin.

Ina tsaye a wurin na gane ban taɓa ɗaukar abu marar nauyi kamar wannan ƙwaryar ba. Mama da ta tsaya a nan, kayanta na gaske ne, ta noma su da hannunta, ta ɗauko su don ta ciyar da wani. Ni shekara bakwai ina yawo da kafaɗa a buɗe, ban ɗauki nauyin kowa ba, ƙanwata ma da muka sha nono ɗaya na kore ta. Da aka watse na shiga bayan ɗakin janareta na zazzage jaridun, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Don haka ba zan ce miki lallai ki ɗauki kaya a kafaɗa a Legas ba. In kin ga dama ki ɗauka a ka, in kin sami amalanke ki tura. Abin da nake roƙonki shi ne, duk inda za ki ɗora, ya zama ke kika zaɓa, ba idon wasu 'yan mata a kasuwa ba. Kar ki ɓoye asalinki don a karɓe ki, kar kuma ki yarda a tsayar da ke a bakin ƙofa a matsayin ado. In aka tambaye ki ke 'yar wace ce, ki ce jikar Laraba ce ta tsohon Wuse, manomiyar doya. Ki faɗa da muryar da kike faɗin sunanki, ba sama ba ƙasa.

Ranar Asabar, in na raka ki tasha motarku ta tashi, ba gida zan dawo ba. Zan hau motar Keffi in sauka a Uke. Na aika wa Talatu sau biyu cikin watan nan, ba ta amsa ba, kuma an ce mini ciwon suga ya taɓa mata ido. Ban san ko za ta bari in shiga ba. In ta ce in tsaya a waje zan tsaya, tana da gaskiya. Ba zan riƙe tsaraba ba. Ki sa ni a addu'a duk ranar da kika karanta wannan.

Ubangiji Ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki daga ciwo da mugun abokin zama, Ya ba hannunki sauƙi a kan marasa lafiya, Ya sa ki fi ni saurin gane kuskure. Ya dawo mana da ke lafiya, Ya sa ki same mu da rai. Babanki yana sa miki albarka. Ki rubuto da zarar kin sauka, ko layi biyu ne.

Ni ce mahaifiyarki,
Ladi.